Yadda Ake Shirya Tattakin Ratsa Ƙasa Domin Tara Kuɗin Kare Daji da Namun Dawa

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 1982, wani matashi ɗan ƙasar Kenya mai suna Michael Werikhe ya saɓa jakarsa ya fita daga Mombasa da ƙafa, ya nufi Nairobi, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 480. Ma'aikaci ne kawai a wani kamfanin haɗa motoci, ba shi da dukiya, ba shi da muƙami. Abin da ya raba shi da gida shi ne halin da baƙar karkanda ta shiga a ƙasarsa, domin a wajajen shekarar 1970 ana ƙiyasta akwai guda 20,000 a Kenya, amma kafin ƙarshen shekarun 1980 masu farautar ƙahonta sun mayar da ita ƙasa da 400. A shekarar 1985 ya sake tasowa daga Kampala ta Yuganda, ya ratsa Tanzaniya ya dawo Mombasa, a 1988 kuma ya taka daga garin Assisi na Italiya har birnin Landan. An ba shi lambar yabo ta Goldman, wadda ake ba masu kare muhalli, a 1990, ya rasu a 1999. A yau baƙar karkanda ta haura 1,000 a Kenya, kuma duk da cewa aikin na mutane da yawa ne, sunansa yana cikin waɗanda ba a mantawa da su.

Mu ma a nan tattaki ba baƙon abu ba ne gare mu. Mutane da yawa suna tuna yadda Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja a shekarar 2015 bayan zaɓen shugaban ƙasa, da yadda jama'a suka riƙa fitowa bakin hanya suna tarbarsa. Wannan ya isa shaida cewa mutumin da ke tafe da ƙafarsa yana jan hankalin da mai mota ba zai taɓa ja ba. Abin da ya rage shi ne a koyi yadda za a mayar da wannan hankalin ya zama albashin mai gadin daji, ko rijiyar ban ruwan dashen itatuwa. A ganina abin da ke tara kuɗi a irin wannan tafiya amana ce, ƙafa kuwa ganga ce da ke kiran mutane su taru, don haka jagoran nan zai fi daɗewa a kan amana da mu'amala fiye da takalmi.

Fara da sanin inda kuɗin za su faɗa

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya fara da taswira. Kafin ka auna ko kilomita ɗaya, ka zauna ka amsa wa kanka tambayar da kowane mai bayarwa zai yi maka: wa zai karɓi kuɗin, kuma me zai yi da su? Idan amsarka ita ce “kare muhalli”, to ba ka amsa ba tukuna, domin wannan kalma ta yi faɗi da yawa, ba wanda zai sa hannu a aljihu dominta. Werikhe dabba ɗaya ya ɗauka, har aka riƙa kiransa mutumin karkanda. Kai ma ka zaɓi abu ɗaya da za a iya nunawa da yatsa. Akwai giwayen Yankari a jihar Bauchi, waɗanda suke cikin manyan garkunan da suka rage a Najeriya. Akwai dausayin Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai kowane hunturu, inda kuma ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa ta takura masunta da manoma. Akwai ungulu, wadda duk wanda ya girma kusa da mahauta ya san yadda take cika rufi da bishiyoyi a da, ya kuma san yanzu sai a yi watanni ba a ga ko ɗaya ba. A Nijar akwai raƙuman dawa na Kure, waɗanda suka ragu zuwa kimanin 50 a shekarar 1996, sannan kulawa ta sa suka haura 600; wannan misali ne mai kyau da za ka riƙe a bakinka, domin yana nuna cewa kuɗin da aka kashe a kan kariya ba sa tafiya a banza.

Daga nan sai ka nemi ƙungiya ko hukumar da take aiki a wurin tun kafin ka zo. A Najeriya akwai Gidauniyar Kare Muhalli ta NCF wadda aka kafa a 1980, akwai kuma ƙungiyar kare namun daji ta WCS da ta daɗe tana tallafa wa masu gadin Yankari, ban da ƙananan ƙungiyoyin al'umma da ke dashen itatuwa a garuruwansu. Ko wacce ka zaɓa, ka tabbatar tana da rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, ka nemi ganin rahoton kuɗinta na bara, sannan ka je da kanka ka ga aikin, domin gani ya kori ji. Idan ka gamsu, ku rubuta yarjejeniya ko da ta shafi ɗaya ce, wadda ta bayyana abin da za a saya da kuɗin, da wanda zai sa hannu wajen cire su, da ranar da za a ba jama'a rahoto.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ba na son a sassauta ta ko kaɗan: kada kobo ɗaya na gudummawa ya shiga asusunka na banki. Kuɗin jama'a su tafi kai tsaye asusun ƙungiyar, ko wani asusu na musamman da mutum biyu ko uku amintattu suke sa wa hannu. Kuɗin abincinka da takalminka da magani kuwa ka nemo su daban, daga aljihunka ko daga wani ɗan kasuwa ko kamfani da ya yarda ya ɗauki nauyin tafiyar, kuma ka faɗa wa duniya haka tun ranar farko. Mutanenmu sun sha ganin an kafa asusun taimako an yi shiru, don haka zarginsu yana da dalili, kuma hanyar kashe zargin ita ce ka iya cewa da babbar murya duk naira ɗaya da aka bayar ta tafi daji. Za a riƙa miƙo maka kuɗi a hannu a bakin hanya, wani naira 200, wata tsohuwa naira 50 daga bakin zaninta, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya. Ka riƙe ƙaramin littafi ka rubuta kowanne a gaban mai bayarwa, ka zuba su a asusun a wurin mai POS na farko da ka tarar, ka adana rasidin.

Hanyar tara kuɗin da ta fi dacewa da tattaki ita ce alkawari a kan kowace kilomita. Wanda ya yi alkawarin naira 50 a kan kilomita, idan ka taka 1,000 ya zama zai ba da naira 50,000, mutum 200 irinsa kuwa sun haɗa naira miliyan 10. Amfanin wannan tsari shi ne mai alkawari yana bin tafiyarka kullum saboda yana da rabo a cikinta. Ka nemi manyan alkawura kafin ka tashi, lokacin da kake da ƙarfin zuwa ofis-ofis da kasuwa-kasuwa, domin idan ka shiga hanya gajiya ba za ta bar ka ka yi wannan ba. Game da 'yan uwa mazauna ƙasashen waje, ka sani cewa wasu manyan dandalan tara kuɗi na intanet irin su GoFundMe ba sa biya kai tsaye zuwa bankunan Najeriya, sai ka tambayi ƙungiyar da kake yi wa aiki hanyar da take karɓar taimako daga waje.

Hanya da lokaci

A wasu ƙasashe hanyar a shirye take. A Birtaniya ana tashi daga Land's End a kudu maso yamma a ƙare a John o' Groats a arewacin Sikotilan, kimanin kilomita 1,400 ta kan titi, kuma masu ƙafa kan yi wata biyu zuwa uku. A Niyuzilan akwai hanyar Te Araroa mai tsawon kilomita 3,000 da aka buɗe a 2011. A Najeriya kai za ka zana taka. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne ta Ibadan, Ogbomosho, Ilorin, gadar Jebba da Mokwa, sannan Kaduna da Zariya, kuma wanda yake son ya taɓa iyaka sai ya zarce ta Kazaure da Daura zuwa Kongolam. Idan kana cin kilomita 25 a rana, kwana 40 ke nan na tafiya zalla. Ka ƙara ranar hutu ɗaya a kowane mako, ka kuma ware mako guda na ko-ta-kwana saboda rashin lafiya ko jinkiri, za ka ga abin ya tasam ma wata biyu.

Maganar tsaro ba a yi mata kara. Akwai sassan da bai kamata mai ƙafa ya bi ba a halin da ake ciki, kuma hanyar Tegina zuwa Birnin Gwari tana cikin waɗanda aka daɗe ana kuka da su, shi ya sa da yawa kan karkata daga Mokwa su bi ta Bida da Suleja. Halin hanya yana canjawa daga mako zuwa mako, kuma waɗanda suka fi kowa saninsa su ne direbobin tasha da 'yan banga da jami'an tsaron yankin, don haka ka riƙa tambaya kowace yamma kafin ka yanke tafiyar gobe. Idan aka ce maka wani yanki ba ya biyuwa, ka shiga mota ka tsallake shi, ka sanar da jama'a a fili cewa daga wuri kaza zuwa wuri kaza a mota ka wuce, ka cire waɗannan kilomitoci daga lissafin alkawari ko ka rama su a wani wuri mai aminci. Babu mai hankalin da zai zarge ka a kan wannan, amma idan ka ɓoye aka gano, duk abin da ka taka a baya ya zube. Haka nan kada ka riƙa sanar da inda za ka kwana a shafukan sada zumunta. Ka ba da labarin jiya, ka bar na gobe tsakaninka da mutum biyu ko uku na gida. Tun kafin tashi ka rubuta wa rundunar 'yan sandan kowace jiha da za ka ratsa da Hukumar Kiyaye Haɗurra, ka riƙe kwafin takardun da aka buga wa hatimi tare da wasiƙar gabatarwa daga ƙungiyar. Tafiyar mutum biyu ko uku ta fi ta mutum ɗaya ta kowace fuska, ga mace kuwa samun abokan tafiya daga cikin danginta yana sauƙaƙa masauki ƙwarai.

Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ɗaukewar damina kuma kafin zafin bazara, wanda a Arewa yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Ka duba inda watan Ramadan ya faɗo a shekarar. Matafiyi yana da rangwamen ajiye azumi da yin ƙasaru, amma a aikace samun abincin rana a ƙauyuka yana wahala a watan, kuma hankalin masu bayarwa yana wani wajen.

Jiki, musamman ƙafa

Ka ba kanka aƙalla wata uku na atisaye. Ka fara da kilomita 8 zuwa 10 sau uku a mako, kana ƙarawa sannu a hankali, har a watan ƙarshe ka iya yin kilomita 25 kwana biyu a jere da cikakkiyar jakarka a baya, domin rana ta biyu ce take nuna gaskiyar jiki. Ka ga likita a auna hawan jini da sukari, musamman da yake ƙaramin rauni a ƙafar mai ciwon sukari yana iya zama babban al'amari. Nauyin jakar kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka, kuma ƙasa da haka ya fi: kaya kala biyu, gidan sauro, ƙaramar tabarma, tocila, batirin cajin waya, malfa, riga mai ƙyalli da direbobi za su hango, man shafawa saboda faso da bushewar leɓe a hunturu, da ɗan akwatin magani.

Takalmi ya zama mai laushin tafi, ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya saboda ƙafa tana kumbura da tafiya, kuma ka riga ka yi atisaye da shi har ya saba da kai. Kwalta tana cin tafin takalmi, guda ɗaya da wuya ya kai ka ƙarshe, sai ka aika na biyu ya jira ka a tsakiyar hanya. Abin da ya fi kayar da masu tattaki shi ne bororo, kuma yana ba da sanarwa kafin ya fito: za ka ji wani wuri a dunduniya ko gefen ɗan yatsa yana ɗumi yana ɗan zafi kamar an ɗiga barkono. A wannan lokacin ka tsaya, ko da saura kaɗan ka kai inuwa, ka cire takalmi, ka share wurin ya bushe, ka manna filasta, ka canja safa. Idan ya riga ya ɗuri ruwa kuma ƙarami ne, ka rufe shi ka ƙyale shi. Idan babba ne yana hana ka taku, ka wanke hannu da wurin da sabulu, ka huda gefensa da sabuwar allura mai tsabta, ka matse ruwan, ka bar fatar a kai kada ka yage ta, ka shafa aidin ka rufe. Ja da ke yaɗuwa, ko mugunya, ko zazzaɓi, alama ce ta a nemi asibiti a ranar.

Ruwa kuwa ka riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya kama ka, kimanin rabin lita a kowace awa ta tafiya, fiye da haka idan rana ta take. Launin fitsari shi ne ma'auninka, idan ya yi duhu to kana baya. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na ORS, idan ya ƙare ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jiri da ciwon kai da ruɗewar magana alamun bugun zafi ne, kuma wanda ya kai nan ba ya gane halin da yake ciki, abokin tafiya ne zai kai shi inuwa ya jiƙa masa jiki ya nemo taimako.

Yinin mai tattaki

Ka tashi da asuba, ka yi salla, ka karya da koko da ƙosai ko shayi da burodi, ka kama hanya da zarar gari ya fara wayewa. Awa biyar na farko su ne jarinka, a cikinsu za ka ci kilomita 18 zuwa 20. A Najeriya motoci suna bin dama, don haka ka bi gefen hagu kana fuskantar masu zuwa, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya idan tirela ta taso, kuma kada ka toshe kunnuwanka da waƙa. Idan rana ta ɗaga ka nemi gindin darbejiya ko rumfar mai shayi, ka cire takalmi, ka ɗaga ƙafafu sama, ka huta har la'asar, sannan ka ƙarasa abin da ya rage. Ka shiga garin da za ka kwana tun da sauran rana. Baƙon da ya iso da haske ana masa kallon baƙo, wanda ya iso cikin duhu kuwa tambayoyin da za a yi masa daban ne.

Da shigarka ka tambayi gidan mai gari ko dagaci, ka yi sallama, ka cire takalmi, ka durƙusa ka yi gaisuwa yadda ta kamata, “Ranka ya daɗe” ko “Allah ya ja zamaninka”, sannan ka miƙa takardarka ka faɗi abin da ke tafe da kai a taƙaice. A ƙasar Yarbawa ka nemi bale, wato mai garinsu, ka kuma nemi Sarkin Hausawa a unguwar Sabo ko zango, shi zai san inda za a sauke ka. Ka roƙi kowane mai gari ya sa maka hannu ko hatimi a littafinka tare da kwanan wata. Wannan littafi, haɗe da manhajar waya da ke ajiye sawun tafiya, shi ne shaidarka ga masu alkawari. Werikhe ya dogara ne da karamcin mutanen karkara wajen ci da kwana, kai ma za ka sha wannan karamcin, amma kada ka zama nauyi ga wanda bai fi ƙarfin tukunyarsa ba. Ka riƙe goro ko sabulu ko sukari na kyautatawa.

Hirar dare a ƙofar gidan mai gari ita ce ainihin aikin, kuma a nan ne nake roƙon mai tattaki ya fi saurare fiye da magana. Za ka zauna da manomin da giwa ta tattake masa gonar masara a dare ɗaya, da mai sayar da gawayi da ba shi da wata sana'a, da maharbin da ya gaji baka daga kakansa, da makiyayin da aka hana shi burtalin da ya saba bi. Idan ka buɗe baki da wa'azi a kan sare itace alhali matar gidan ba ta da abin girki sai itacen, za a yi maka shiru na ladabi, ka tashi ba ka bar komai ba. Ka tambayi dattawa waɗanne namun daji suka sani a dajin nan suna yara, da inda tafkin garin yake kaiwa a da. Su da kansu za su lissafa maka barewa da gada da zabin daji da kukoki da ɗorawar da suka ɓace, kuma daga bakinsu maganar ta fi nauyi. Werikhe ya tsaya a kan cewa namun daji ba za su tsira ba sai da hannun mutanen da ke zaune tare da su, kuma duk wanda ya kwana a ƙauyukan da ke kewaye da gandun daji zai gane dalilinsa. Abin da ka ji na koke ka rubuta shi ka kai wa ƙungiyar da kake tara wa kuɗi, domin wannan ma saƙo ne da aka ɗora maka.

Sauran hanyoyin isar da labari ba sa buƙatar dogon bayani. Ka shiga makarantun firamare da sakandare da izinin shugabanninsu, ka nemi minti goma a gidan rediyon kowane babban gari domin rediyo ya fi intanet kaiwa karkara, ka kuma bar wani a gida ya riƙa saka hoto ɗaya da ɗan bayani kullum a Facebook da WhatsApp, tare da lambar asusun. Kowace Juma'a a wallafa jimillar abin da ya shigo da kilomitocin da aka ci.

Bayan isowa

Ka shirya ranar isowa da ƙungiyar tun da wuri, a gayyaci 'yan jarida da masu alkawari, domin kyauta takan ƙaru a kwanakin ƙarshe, kuma ka bar asusun a buɗe na wasu makonni bayan nan. A cikin mako biyu ka bi masu alkawari ɗaya bayan ɗaya da hoton littafin sa hannu, tun labarin bai huce ba. Idan an rufe asusun, a fitar da cikakken lissafi a rubuce: abin da aka tara, abin da banki ya cire, abin da aka miƙa, da ranar miƙawa. Bayan wata shida ka koma wurin aikin da kanka, ka ƙirga takalman masu gadin da aka saya ko dashen da ya rayu bayan rani, har da wanda ya mutu, ka ɗauki hoto ka aika wa duk wanda ya bayar. Masu garin da suka sauke ka kuma ka kira su a waya ko ka rubuta musu wasiƙar godiya, ka faɗa musu nawa aka samu da abin da aka yi da shi, ka kuma gaya wa wanda ya ba ka koke inda kokensa ya kwana.